Riga Mai Hanta Biyu

A layin da Tela yake da shago, in kana son hira ta yi tsawo, tambaye shi abin da bai sani ba. Abin da ya sani yakan amsa shi a taƙaice, wanda bai sani ba kuwa sai ya ajiye almakashi ya gyara zama. Ya taɓa koya wa bakanike ɗaurin birki, ya taɓa tsayar da magini a tsakiyar aiki don ya nuna masa yadda ake riƙe bulo. A wajen ɗinki dai ba laifi, yana taɓawa, sai dai yana da doka guda da ya riƙe kamar gado: abin da ya ɗinka ba ya farkewa. In hannun rigarka ya fito ɗaya ya fi ɗaya tsawo, to kafaɗarka ce a karkace, sai ka je ka nemi magani.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ita ce abar tausayi a gidan. Bara ta zauna jarrabawar gama sakandare ta ci komai, Bayoloji kaɗai ta kayar da ita. Makarantar koyon aikin jinya ta ce za ta riƙe mata gurbi na shekara ɗaya tak. In ta kawo sakamakon Bayoloji bana ta shiga, in ba ta kawo ba a ba wata. Yarinya ce mai karatu, amma irin wadda in ka taka mata ƙafa ita za ta ba ka haƙuri. Takan san amsa sarai, da wani ya ɗan yi gyaran murya sai ta janye. A ɗakin jarrabawa ma abin da ya cinye ta ke nan: ta rubuta daidai, ta yi shakka, ta goge, ta rubuta akasinsa.

Saura sati uku a shiga jarrabawa, Tela ya same ta a lungun shago, kan buhun ƙyallaye, ta tasa littafi a gaba kamar mai zaman makoki.

"Me ya tsaya miki a wuya?" ya tambaye ta.

"Kayan ciki ne, Baba. Ina haddace su, da na rufe littafin sai su yi musanyar wuri."

Ya karɓi littafin, ya ɗaga tabarau, ya ƙura wa hoton ido. Mutum ne an buɗe masa gaba daga wuya zuwa mara, kowane abu da kibiya da sunansa. Tela ya yi wata 'yar dariya ta wanda ya gano bakin zare.

"Wannan ne ya hana ki barci shekara guda? Ai zanen yankan riga ne. Ga wuya, ga aljihu, ga shafin cikin riga. Laifin malamanku ne da suke koya muku a takarda. Wa ya taɓa iya ɗinki a takarda? Zan ɗinka miki cikin mutum sukutum, in saka a jikina, ki riƙa ɓallewa kina mayarwa har ya zauna miki."

Matarsa ta shigo da kwanon abincin rana daidai lokacin, ta ji ƙarshen maganar.

"Baban Auta, rigar makarantar da ka ce za ka rage mata tun tana aji uku fa?"

"Ba ga shi ta girma ta cike ta ba? Shi ake kira hangen nesa."

A ranar ya ture aikin mutane gefe. Ya yanko yadi mai kauri, ya shimfiɗa shi ta bai kamar yadda kowane tela yake yi, don alli kada ya ɓata fuskar yadi. Ya buɗe littafin a gefe, ya zana gurbin kowane abu daidai yadda hoton ya nuna, ya huda wurin maɓallai. Huhu ya yi su da ragowar leshi ruwan hoda. Ƙoda ya ciro su daga kafaɗar wata tsohuwar kwat, soso biyu, ko gyara ba su buƙata ba. Maƙogwaro kuwa tiyon wankin babur ɗin maƙwabci ne, wanda aka aro ba tare da an faɗi ranar dawowa ba. Zuciya ya yi ta da jan yadi, ya cusa mata agogon tebur a ciki don ta riƙa bugawa, domin shi ba ya aikin rabi da rabi.

Hanta ce ta ba shi wahala, sai da ya tuna da karan-miski mai ruwan goro da matar mai gidan da suke haya ta kawo a yi mata doguwar riga. Ya duba yadin, ya duba hoton, ya ga launin ya zo ɗaya kamar an gwada. Ya ce a ransa ai hannun riga ba sai ya kai wuyan hannu ba. Ya sa almakashi.

Kwana huɗu ya kammala. Ya juyo rigar ta fuska, ya ɓalla komai a gurbinsa, ya saka, ya tsaya a tsakiyar shago yana ƙas-ƙas-ƙas daga ƙirji. Abin da bai kawo a ransa ba shi ne, duk abin da aka zana ta bai, in an juyo fuska sai dama ta koma hagu.

Auta ta dube shi, ta dubi littafi, ta sake dubansa.

"Baba, kamar hantar a dama take zama."

"A ina take yanzu?"

"A hagu. Zuciyar kuma ta koma dama. Saifar ma haka." Ta yi ƙasa da murya. "Ko dai ni ce ban gane ba."

Mahauci, wanda teburinsa ke jikin shagon, ya leƙo yana goge hannu. Shekara ashirin ke nan yana musu da Tela, bai taɓa yin nasara ba, bai kuma taɓa dainawa ba.

"Yarinya ta yi gaskiya. Kullum sai na fiddo hanta, ban taɓa samunta a nan ba."

"Hantar wa kake fiddowa?"

"Ta rago."

"To ka ga na yi maka kama da rago?"

"Yau dai da ɗan kama."

Tela ya san akwai matsala, don ya ɗan dafa ƙirjinsa a ɓoye ya ji inda tasa zuciyar take bugawa. Amma a ce ya farke ɗinki a gaban Mahauci? Gara shagon ya ƙone. Can sai fuskarsa ta washe.

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Aikin ai bai ƙare ba. Wannan ta hagu ce, ta dama tana tafe."

"Hanta biyu, Baba?"

"Ƙoda nawa ce?"

"Biyu."

"Huhu fa?"

"Biyu."

"Hannun riga? Ƙafar wando? To don me hanta za ta zama ɗaya? Mai zanen littafin ne ya gaji. Ko ta wane gefe mai jarrabawa ya tambaye ki, akwai."

Kuma abin ya zo masa da sauƙi, domin tun da ya rage hannun rigar matar mai gida na dama, dole ne ya rage na hagu su daidaita. Daga nan hanta ta biyu ta fito. Zuciya ta biyu ta ci agogon ɗakin matarsa. Saifa ma ta samu 'yar'uwa. Da ya lura a littafi huhun dama kashi uku ne na hagu kashi biyu, ya ce wannan aikin ɗan koyo ne, ya ƙara wa mai kashi biyun ɗaya. A gindin babban hanji ya ga wata 'yar wutsiya, wadda shi da kansa ya ɗinka tun farko bisa ga hoto. Ya ɗaga ta da yatsa biyu yana yamutsa fuska.

"Zare ne ya yi saura," ya ce, ya datse ta.

"Baba, tana da suna. Ana tambayar ta."

"In tana da amfani, me ya sa likitoci suke cire ta? Na rage miki karatu."

Ƙaramin hanji ne ya cinye masa sati guda. Littafi ya ce ya kai wajen mita shida. Tela ya mayar da shi yadi bakwai, sannan ya ƙara yadi uku, don tela na ƙwarai yakan bar wa mutum wurin ƙiba. Ya ɗinka shi da yadin shafi ruwan ɗorawa kamar doguwar safa, ya ɗura masa yankakken soso da sandar tsintsiya. Soso ya ƙare, ya shiga gida ya fito da matashin kai. Washegari matarsa ta zo shago riƙe da rigar matashin, wayam.

"Ina cikin wannan?"

"Yana hidimar ilimi."

"Agogona fa?"

"Shi ma."

"To ni ma ka faɗa mini ranar da za a zo kaina, in yi wanka."

Kullum da yamma sai ya saka rigar a yi darasi a ƙofar shago. Mutanen layi suka mayar da abin kallo, mai aski har benci yake fitowa da shi. Tela ya nuna abu ya faɗi sunansa da aikinsa, Auta ta buɗe littafi ta ce a hankali, "A nan ba haka aka rubuta ba." Ya kawo hujja daga ɗinki, ta koma ta sake dubawa, ta sake dubawa, har shafin ya fara yagewa. A ƙarshe kullum sai ta ce, "To, Baba." Shi kuma ya juya ga 'yan kallo ya ce, "Kun gani? A hankali take ganewa."

Ana saura kwana biyar, Auta ta yi suɓutar baki a gida. Ta ce ranar Asabar Malamar Bayoloji za ta yi musu bitar ƙarshe a babban zauren makaranta, amma mutum-mutumin robar da ake koyarwa da shi ya daɗe da zama fanko, ɗalibai sun kwashe kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Tana faɗa ta so ta haɗiye maganar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da sassafe Tela ya je makarantar da kansa. Malama, mace mai haƙuri da fara'a, ta ce masa ya kawo ta duba tukuna. Shi abin da ya ji shi ne an gayyace shi ya gabatar da lacca.

"Baba, don Allah ka bari," in ji Auta.

"Kunya kike ji a san ubanki masani ne?"

"A'a."

"To ki goge takalminki."

Ranar Asabar ya saka rigar tun a shago. Ya naɗe hanjin ya cusa a gaba, Mahauci ya ja masa zif ɗin baya da ƙyar, yana dafe shi da gwiwa. Da aka zo fita sai ƙofar shago ta ƙi shi. Ya gwada ta gaba, hanta biyu suka tokare. Ya gwada a kaikaice, ciki ya tokare. Sai da Mahauci da mai aski suka tura shi ta baya ya fito kamar an zare toshiyar kwalba. Motar haya biyu suka tsaya, direbobin suka dube shi suka wuce. Haka ya taka da ƙafa, rana tana dukansa, mutanen layi suna biye, har da matar mai gida, wadda ɗanta ma yana cikin masu jarrabawar. Ta sako sabuwar rigarta ta karan-miski, tana ta jan hannuwan ƙasa suna komawa gwiwar hannu.

A zauren akwai ɗalibai wajen sittin, kowa da littafin rubutu. Malama tana cikin bayani ƙofa ta buɗe, aka ji ƙas-ƙas iri biyu, kowanne da saurinsa. Kafin ta ce a tsaya, Tela ya hau dandamali, ya karɓe sandar nuni daga hannunta kamar dama tasa ce.

"Yara, ku ajiye abin da kuka sani. Yau gani zai kori ji. Wannan hanta ce. Wannan ma hanta ce. Ku rubuta."

Abin takaici, suka rubuta. Ɗalibin da jarrabawa ta rage masa kwana uku, ko me ka ce ya rubuta zai rubuta.

Malama ta ce, "Baba, da ka ɗan dakata..."

"Tambayoyi sai ƙarshe, Malama. Hanta tana aiki ne kamar shafin riga, ba a ganinta amma ita ke riƙe da komai. In ɗaya ta gaji, ɗaya ta karɓa."

Daga bayan zaure matar mai gida ta miƙe. Ta taho a hankali, tana duban cikin Tela tana duban hannunta. Ta hau dandamali, ta kara guntun hannun rigarta a jikin hantar dama. Babu bambanci ko na zare ɗaya.

"Tela, ka ce mini yadin ne ya shige a wanki."

"Ya shige mana."

"Ban wanke ba."

"To ai shi ya sa na ce miki yadin ba shi da tabbas."

"Hannuwana ne a cikinka."

"Ranki ya daɗe, sadaka mai gudana ce. Duk yaron da ya ci jarrabawa, kina da lada."

Zauren ya ɗauki dariya. Tela ya ga hankalin jama'a zai bar ilimi, sai ya yi maza ya ciro babban makaminsa. Ya zaro bakin ƙaramin hanji ya miƙa wa ɗalibar da ke gaba, ya ce ta miƙa wa na bayanta, don kowa ya ga tsawonsa da idonsa. Hanji ya bi layin farko, ya karya kwana, ya bi na biyu, yana fita daga cikin Tela yadi bayan yadi. Ɗalibin ƙarshe ya rasa wanda zai miƙa wa, sai ya rataye bakin a jikin wata tsohuwar fanka mai tsayuwa da ke kusurwa, wadda murfinta ya daɗe da ɓata. Wutar lantarki ba ta nan tun safe, shi ya sa babu wanda ya damu. Sai a lokacin ta ga damar dawowa.

Fanka ta kama bakin hanji ta fara naɗewa. Ɗalibai suka saki, hanji ya bi ta kan kawunansu yana kwashe hula da biro. Da ya miƙe tsaf sai ya fizgo Tela, domin ɗaya bakin a ɗinke yake da rigar, ɗinki biyu-biyu. Ya yi taku uku da gudu ba da niyya ba, ɗinkin hanjin ya fashe a tsakiya, yankakken soso ya tashi ya cika zauren. Fanka ta faɗi. Tela ma ya faɗi, rigingine, a gaban dandamali. Faɗuwar ta taɓo agogon zuciyar dama, ya fara ƙara. Bai yi shiru ba na hagu ya karɓa.

"Ga shi nan," in ji Mahauci. "Ɗaya ta gaji, ɗaya ta karɓa."

Tela ya yi ƙoƙarin tashi, nauyin kaya ya mayar da shi. Ya wutsila ƙafafu kamar kunkurun da aka kifar. Aka mirgina shi don a zuge zif, zif ya ci yadi ya ƙi gaba ya ƙi baya. Mai aski ya ja har kan zif ɗin ya tsinke a hannunsa. Gumi ya jiƙe Tela sharkaf, numfashinsa ya fara sama-sama. Aka jingina shi da bangon dandamali, ƙaramin almakashin da ba ya rabuwa da shi yana rataye a wuyansa.

Mahauci ya ce, "A ba ni wuri. Wannan aikina ne, minti biyu na feɗe shi."

"Kada ka kuskura," in ji Tela da 'yar muryar da ta rage masa.

Malama ta karkaɗe soso daga kafaɗarta. Ta dubi littattafan ɗalibanta, inda hanta biyu ke zaune daram a shafi sittin, sannan ta dubi Auta, wadda ta takure a kujerar ƙarshe tana neman ƙasa ta tsage. Shekara uku tana koyar da yarinyar nan, ta san ciwonta.

"Auta, taso. Za mu rage wa Baba nauyi. Abin da yake daidai ki bar shi, wanda ya yi yawa ki cire. Ki faɗa da ƙarfi kowa ya gyara littafinsa. Hanta nawa ce a jikin mutum?"

Auta ta taso kamar mai tafiya kan ƙaya. Ta tsaya a gaban ubanta, duk layinsu yana kallo.

"Ɗaya ce," ta ce, ko na kusa bai ji sosai ba.

Tela ya yi gyaran murya. Ba da wata manufa ba, soso ne ya shiga masa maƙoshi. Amma yana yi ya ga kafaɗar yarinyar ta sauka.

"Ko dai... wataƙila biyu ce, Malama. Ban tabbata ba."

A nan ne Tela ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda faɗuwa da dariyar mutane ba su ba shi ba. Ya ga yadda za ta zauna ranar Talata da takarda a gabanta, ta rubuta ɗaya, ta tuna da shi, ta goge. Sati uku yana zaton koya mata yake yi, ashe goge mata yake yi. Kunya ta kama shi, ta haɗu da tausayi, suka fi rigar nauyi.

"Ke Auta," ya ce. "Me littafi ya ce?"

"Ɗaya."

"Ke me kika ce?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Da ke nake. Kada ki dube ni, ni tela ne. Nawa ce?"

"Ɗaya ce, Baba. A dama take, ƙarƙashin haƙarƙari."

Ya cire almakashin daga wuyansa ya miƙa mata. "To farke."

Mai aski ya dafa Mahauci. "Ka ji abin da na ji?"

"Na ji. Zafi ne ya taɓa shi."

Auta ta datse hantar hagu. Matar mai gida ta miƙo hannu ta karɓe abinta, ta tsaya jiran ɗayar. Malama ta tambayi aikin hanta, Auta ta faɗa. Ta tambayi zuciya, Auta ta cire ta dama, ta kashe agogon, ta lissafa ɗakuna huɗu da inda jini ke shiga da inda yake fita. Ta cire saifar da ta yi yawa. Ta rage wa huhun hagu kashi ɗaya, ta faɗi dalili: zuciya ce ta ci wurin. Muryarta tana ƙara fitowa da kowane yanka, domin babu abin da bai zauna mata ba. Sati uku tana komawa shafin nan sau goma a rana don ta tabbatar ba ita ce ta haukace ba.

Tela, da ya fara samun iska, sai halin ya motsa.

"Hanjin dai yadi goma ne."

"Wajen mita shida ne, Baba."

"Da wurin ƙiba."

"Ba a bar masa wurin ƙiba."

"'Yar wutsiyar nan kuwa ba ta da..."

"Tana nan, a dama, ƙasa, inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba. Kai ka yanke ta."

Ta faɗa tana kallon idonsa, ba ta ce "ko dai" ba. Ɗalibai suka yi ta goge-goge suna gyarawa. A ƙarshe ta tsarge rigar daga wuya zuwa ƙasa, Tela ya fito daga ciki da singileti da gajeren wando, soso manne a gemunsa. Ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya dubi zauren.

"Darasin yau ya ƙare," ya ce. "Wanda bai gane ba ya same ni a shago."

Babu wanda ya same shi. Matar mai gida ce kawai ta zo, da hanta biyu a leda, ta zauna a kan benci har sai da ya mayar mata da su hannun riga.

Ranar Talata Auta ta shiga jarrabawa. Da ta fito uwarta ta tambaye ta yaya, ta ce ko sau ɗaya ba ta taɓa abin gogewa ba. Bayan wata biyu sakamako ya fito, ta ci Bayoloji da maki mai kyau, makarantar jinya ta aiko mata da takardar shiga da jerin kayan da za ta zo da su.

Kafin azahar duk layin ya ji daga bakin Tela cewa da gangan ya yi komai.

"Dabara ce ta koyarwa. Ka ba yaro kuskure, ya nemo daidai da kansa. Manyan ƙasashe haka suke yi."

"Faɗuwar ma da gangan ce?" in ji Mahauci.

"Ita ce ma ginshiƙin darasin."

"Fankar fa?"

"Mun yi magana da ita tun farko."

A cikin jerin kayan akwai farar riga guda biyu, mai aljihu ɗaya a ƙirji ta hagu. Tela ya ce duk garin nan babu wanda zai taɓa yadin nan sai shi. Ya gwada Auta, ya shimfiɗa farin yadi ta bai a kan tebur, ya ɗauki alli, ya kai hannu zai zana aljihu. Sai hannun ya tsaya a sama.

Ya leƙa waje. Mahauci yana can yana ciniki, mai aski ya duƙufa a kan wani. Ya dawo, ya matso kusa da 'yarsa, ya yi ƙasa da murya yadda ko keken ɗinki ba zai ji ba.

"Hagunki ko haguna?"

Auta ta kama hannunsa da allin a ciki, ta ɗora shi a inda ya dace. Ya zana a nan.